Hoton Murjani Bai Kai Ran Murjani Ba

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, kalmar kuwa daga Larabci ta zo. A Sanganeb, cikin Bahar Maliya kusa da Fot Sudan, danginsa rayayyu ne: ƙananan halittu masu gina gidajen dutse, inda kifaye ke kiwo da fakewa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 2016.

Masu nutso kan sauka can da tulun iska a baya da kyamara a hannu. Ruwa yakan shanye jan launi tun a mitocin farko, don haka dole mai hoto ya matso kusa ya haska fitila. Nan haɗarin yake. Wani murjanin yakan shekara bai ƙaru da fiye da santimita ɗaya ba, amma shuri guda ya isa ya karya ginin shekaru.

A ganina, kada a miƙa wa kowa kyamara sai ya iya tsayawa cik a tsakiyar ruwa ba tare da dafa komai ba. Hoton da ya kuɓuce yau ana iya samunsa gobe. Reshen da ya karye kuwa, mai jiran tohowarsa zai daɗe.