Eriyar da ke kan rufin Funtua ba mallakar kowa ba ce

A ƙauyukan Funtua, Bakori da Malumfashi ana ganin eriyar nan mai kama da ƙashin kifi, ɗaure a kan doguwar gora. Sunanta Yagi-Uda. Shintaro Uda da malaminsa Hidetsugu Yagi ne suka ƙirƙiro ta a jami'ar Tohoku da ke Japan a 1926, kuma har yau masu sha'awar rediyo a duniya da ita suke aika saƙo nesa. Yagi ya yi mata rajistar mallaka da sunansa shi kaɗai, ya bar Uda a waje.

Wannan rajista ta daɗe da mutuwa. Mai walda a Funtua da ke yanka alminiyom yana haɗa irinta don sayarwa bai ci haƙƙin kowa ba.

Jama'a na ɗaukar takardar mallakar ƙirƙira tamkar katanga ce da ta kewaye duk wani abu mai kama da kayan. Ba haka ba ne. A dokar Najeriya ta 1970, abin da mai ƙirƙira ya zayyana a sashen da'awarsa kaɗai takardar ke karewa, misali wata sabuwar hanyar jera sandunan ko ta haɗa waya da su. Shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da buƙata, tana faɗuwa idan aka daina biyan kuɗin shekara, kuma rajistar Amurka ko Japan ba ta aiki a Katsina. Wanda ya haɗa eriya don amfanin gidansa ma dokar ba ta taɓa shi, domin harkar masana'antu da kasuwanci kawai ta shafa.

Inda haɗarin yake shi ne ɓangaren mai basirar kansa. Yankin da aka katse wa layukan waya a watan Satumba na 2021 ya san darajar duk abin da ke jawo sigina daga nesa, kuma matasan da ke gyaran rediyo da waya ba su rasa dabaru. Sai dai wanda ya gano sabon abu, ya ɗora bidiyonsa a Facebook ko TikTok kafin ya kai takarda ofishin rajista a Abuja, ya riga ya zubar da damarsa. Abin da aka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo a idon doka, ko da mai shi ne ya bayyana.

Ofishin rajistar ma ba ya bincika ko abin sabo ne, cikar takardu yake dubawa. Don haka takarda a hannu ba ta hana kotu soke ta daga baya.

Hukumar NOTAP na taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da buƙata. Ya kamata gwamnatin Katsina ta haɗa kai da ita, a riƙa kai wannan bayani ga ƙungiyoyin masu gyaran waya da masu walda na Funtua da Malumfashi, da Hausa.