Jinin Bakin Doki Ba Ado Ba Ne

'Yan'uwana mata, yau da mu nake. Duk Sallah mu ne a gaba wajen kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, ga kuma kilisar angwaye. Yaro ya sako doki a guje, ya fizge linzami, doki ya miƙe da ƙafa biyu, kumfa na zuba jajawur, mu kuma sai guɗa. Haba jama'a! Me muke yi wa guɗar?

Bari in gaya muku abin da ke cikin bakin nan. Tsakanin haƙoran gaba da turamen doki akwai fili, dasashi ne zalla a kan ƙashi, nan ƙarfen yake zama. Linzaminmu na gargajiya yana da harshen ƙarfe mai tokarar ganɗa, da zobe mai zagaye haɓa. In aka ja kaɗan, sai ya matse da ƙarfi ninkin-ba-ninkin. A hannun gwanin mahayi taɓawa kawai ake yi. A hannun yaro ɗan gayu kuwa, wallahi wuƙa ce.

Akwai wani linzamin mai gaɓa a tsakiya da zobe ɗaya kowane gefe, Turawa na ce masa sinaful. Shi ba ya ninka ja. Gwargwadon yadda hannu ya ja, gwargwadon abin da zai isa gefen leɓe da harshe da dasashi. Da irinsa ake fara horar da doki a Ingila, da shi ɗan koyo ke farawa. Amma fa shi ma in ya yi wa bakin kaɗan yana tsunkule leɓe, in aka fizga yana matse harshe. Mugun hannu ba shi da linzamin kirki.

Za a ce ina ruwan mace da harkar barga? Da ruwanmu mana! Kuɗin hayar dokin nan sau nawa daga adashinmu yake fita? Dokin da azaba ta ishe shi kuwa shi ke tashi ya faɗo ta baya, ya danne na kansa. Wa ke kwana a asibiti? Uwa.

Don haka kafin ki ba ɗanki ko sisi, tambaye shi wane linzami za a sa. In ya dawo, ki sa a duba bakin dokin. In da jini, baɗi ya yi kallo a ƙasa tare da mu. Dabba ba ta magana, amma tana da hakki, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya sa mu gane, amin.