Haya Ba Takarda: Mu Daina Biyan Kuɗi A Kan "Na Yarda Da Kai"



Cikin koke-koken da ke zuwa ofishin ƙungiyarmu daga Agege, Idi-Araba da Mil 12, wanda ya fi yawan maimaituwa shi ne na gidan haya. Mutum ya tara kuɗi da gumi, ya damƙa wa ejan, ya tare da iyalinsa, bayan wata bakwai a ce ya kwashe kayansa. In ka ce ina takarda, sai ya ce ai mutumin kirki ne, mun yi magana baki da baki. To, a gaban alƙali maganar baki ba ta da nauyin rasit.

Mu dai ra'ayinmu shi ne kada ɗan uwanmu ya sake biyan ko kwabo sai an rubuta yarjejeniya, an karanta masa ita da harshen da yake ji. Wasu na ganin neman takarda kamar tuhumar mai gida ne. Ina tuhuma a nan? Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Dokar haya ta Jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ta tanadi abubuwan da da yawanmu ba mu sani ba. Ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit duk lokacin da ya karɓi kuɗin haya. Ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma a lura, shi ma wanda ya biya fiye da haka ya yi laifi, hukuncin kuwa tarar N100,000 ko ɗaurin wata 3. Ta yanka wa'adin notis: mako ɗaya ga mai biyan mako-mako, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata 6 ga mai biyan shekara. Bayan wa'adin ya cika ma sai an ƙara ba shi notis na kwana 7, sannan a nufi kotu. Cire kwanon rufi ko yi wa mutum barazana don ya tashi laifi ne. Sai dai dokar ta keɓe Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island, ba ta shafe su ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Wancan wa'adi na wata 6 yana aiki ne idan yarjejeniyar ba ta ambaci wani wa'adi ba. Idan lauyan mai gida ya rubuta notis na wata ɗaya, kai kuma ka dangwala hannu ba ka san abin da ke ciki ba, to ka sayar da wata biyar da hannunka. Saboda haka samun takarda kaɗai bai wadatar ba. A kawo ta a duba: sunan mai gidan ne a kai ko na ejan, yaushe haya ta fara, yaushe za ta ƙare, wa ke gyaran rufi da soka-awe, kuɗin ajiya na ɓarna nawa ne kuma yaushe ake mayar da shi. A kuma duba batun yawan masu kwana. Mun san halinmu, mutum ɗaya ya kama ɗaki, kafin Sallah 'yan garinsu takwas sun sauka. Karɓar baƙo halin kirki ne, amma sanya wani a ɗaki yana biyan ka ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba, hujja ce ka miƙa masa ta fitar da kai.

Sai batun duba gida. Ranar karɓar makulli a zagaya tare da mai gida ko wakilinsa, a ɗauki hoton bango, silin, ƙofa da famfo da waya, a rubuta abin da mita ta nuna, a tambayi ko akwai tsohon bashin wuta. Wanda bai yi haka ba, ranar tashi za a lissafa masa tsagewar da ta girme shi a gidan.

Idan kuma mai gida ya ce zai shigo duba ɗaki, haƙƙinsa ne, kada mu tare ƙofa. Amma da sharaɗi: sai da rana, a lokacin da ya dace, bayan ya aiko da sanarwa a rubuce. Ga mai iyali a kulle wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka a nemi a ƙara cikin yarjejeniya cewa sai maigidan ɗakin yana nan za a shiga.

In rigima ta taso, kada a tara matasa. Cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'ar Legas tana sauraron rikicin mai gida da ɗan haya kyauta. A tafi da rasit da hotunan.