KUNNEN MAKAƊI: GADO NE KO KOYO?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Keffi ranar hawan salla ya ga wani abin mamaki, ko da bai lura ba. Ga ƙura, ga haniniyar dawaki, ga sowar jama'a, ga kuma makaɗa da masu busa, wasu a gaba wasu a baya, babu takarda a hannun kowa, babu mai ɗaga musu sanda. Amma duk da haka gulansu na sauka kan fata tare, kamar hannu guda ke kaɗawa. Wannan gari da Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, wanda ya daɗe yana bin Zazzau, ya riƙe wannan al'ada ta fada har yau. Abin tambaya shi ne, daga ina makaɗi ke samun kunnen da ba ya ɓata masa lissafi?

In aka tambayi dattawa, amsarsu gajeriya ce: gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suna da hujja kuwa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan makaɗin noma ne, kuma ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa da wansa kafin ya ja nasa ayarin. To, amma Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, haye ya yi, ga shi kuwa babu lungun da sunansa bai kai ba. Ashe ke nan maganar ba ta tsaya ga jini kaɗai ba.

A gidan makaɗa ba a miƙa wa yaro babbar ganga ranar farko. Kazagi ake rataya masa, ya yi ta maimaita bugu guda har ya zauna masa a jiki. In ya yi gaggawa a harare shi, in ya yi nawa a tsawata masa. Sai an ga ba ya karkacewa, ko da babban makaɗi ya yi ta sauya salo a kansa, sannan a matsar da shi gaba. Watau abin da ake fara koya masa shi ne riƙon lokaci, gwaninta kuwa sai daga baya.

Binciken masana na zamani ya ƙarfafa wannan hikima. An daɗe da gano cewa in aka sa mutum ya riƙa buga yatsa yana bin sautin da ke faɗuwa daidai wa daida, yakan riga sautin da ɗan taƙi wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, alhali shi yana jin daidai yake. Wannan tazara takan ragu ga waɗanda suka koyi kiɗa, ga masu kaɗa ganga kuwa takan kusa ɓacewa.

Sai dai makarantar tana buɗewa tun kafin yaro ya iya riƙe gula. A shekarar 2005, a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, Jessica Phillips-Silver da Laurel Trainor sun kunna wa jarirai 'yan wata 7 wani kiɗa da ba a nauyaya kowane bugu a cikinsa ba. Aka riƙa rausaya wasu a kowane bugu na biyu, wasu kuma a kowane bugu na uku. Da aka gwada su daga baya, kowane rukuni ya fi karkata ga kiɗan da ya yi daidai da rausayar da aka yi masa. Jiki ne ya koya wa kunne. Mai karatu sai ya tuna da jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana lugude da 'yar'uwarta a turmi guda, taɓarya na tashi taɓarya na sauka. Wannan yaro yana ɗaukar darasi, ko da yake babu wanda ya kira shi darasi.

A shekarar nan dai Erin Hannon da Sandra Trehub suka nuna cewa ƙofar nan tana saurin tsukewa. Jariran Amurka ta Arewa 'yan wata 6 suna gane kuskure a cikin kiɗan yankin Balkan mai gurguwar tafiya, wanda manyan Amurka ta Arewa ba sa ganewa. Da suka kai wata 12 sai abin ya fara kuɓuce musu, amma sauraron mako biyu ya maido musu da shi. Manya kuwa irin wannan sauraro bai kai su ga haka ba. Lalle icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma wani babban bincike da aka buga a 2024, wanda Nori Jacoby ya jagoranta a ƙasashe 15, har da Mali, ya nuna kowace al'umma kunnenta na jan abin da ta ji zuwa ga salon kiɗan da ta saba da shi.

Dattawa ma ba su faɗi ƙasa ba. A 2014 an auna tagwaye fiye da 10,000 a ƙasar Suwidin, aka tarar halitta na da babban rabo a kaifin kunne, har ma da son yin atisaye. Amma halitta ba ta zuwa da taken sarki ko kiɗan gayya a cikinta. Waɗannan sai an ji, an maimaita, an yi kuskure an gyara, a gaban wanda ya iya.

A nan ne abin damuwa yake. Injin niƙa ya rage daka a birane, mawaƙan zamani da yawa kwamfuta ke yi musu kiɗa, 'ya'yan makaɗa kuma ba kowa ke son rataya gangar ubansa ba. Faifai yana adana sauti, amma ba ya harar yaro in ya yi gaggawa. Ranar da tsohon makaɗi ya kwanta dama ba tare da magaji ba, kunnen da aka yi shekaru ana ginawa ya bi shi kushewa.

Keffi tana da abin da za ta yi maganin wannan. Ga fada, ga Jami'ar Jihar Nasarawa, ga tsohuwar Kwalejin Gwamnati, ga makarantun firamare birjik. Ya kamata masarauta da hukumar ilmi su haɗa kai, a riƙa gayyatar makaɗan fada zuwa makarantu a kan lada mai kyau, su koya wa yara tafi da amshi da riƙon bugu. Ya kamata jami'a ta ɗauki take da kirarin gidan sarauta tun masu su na raye. Amfanin ba ga makaɗa kaɗai zai tsaya ba, domin Hausa harshe ne na karin sauti da doguwar gaɓa da gajera, kuma da kunne ake auna rubutacciyar waƙa.

In an yi haka, jikokin masu kallon hawan bana za su tarar da gula na sauka tare a ƙofar fada. Allah ya sa masu iko su ji.