Sunan Littafin Suka Ɗauka, Labarin Suka Yar

Ɗan uwa, in ka taɓa raba dare a kan wani littafi, daga baya ka ji an ce za a mayar da shi fim, ka san irin ɗokin da ake yi. Haka masu karanta littattafan Tom Clancy suka yi ta zuba ido, har ranar 30 ga Afrilun 2021 da Amazon Prime Video ya saki "Without Remorse", Michael B. Jordan ne jarumin. To fa, duk wanda ya san littafin, in ya gama kallo sai ya tambayi kansa: wai shi ke nan?

Bari in tuna maka. Littafin ya fito a 1993, shafinsa ya haura 600, labarin kuma ya faru ne a zamanin yaƙin Vietnam. John Kelly tsohon sojan ruwan Amurka ne da matarsa ta rasu a hatsarin mota da juna biyu. Yana cikin wannan baƙin ciki ya haɗu da Pam, yarinyar da ta gudo daga hannun dillalan ƙwaya na birnin Baltimore. Ya taimaka mata ta fara rabuwa da shaye-shaye. Amma sai ya ɗauke ta ya koma da ita unguwar don ya ga mutanen da idonsa, yana ganin ba wanda ya isa ya taɓa shi. Aka harbe shi, aka kama ta, aka kashe ta. Ka ga ramuwar da ya shiga yi, akwai laifin kansa a ciki.

Kuma Clancy bai bar shi ya sha da daɗi ba. Ya saka ɗan sanda mai bincike, Emmet Ryan, yana bin sawunsa, domin a idon doka kisa kisa ne, ko da mugu aka kashe. Kana karantawa zuciyarka na rabe biyu: kana son Kelly ya yi nasara, kana kuma tsoron abin da yake zama.

A fim fa? An kwashe labarin an kai Aleppo ta Siriya da Murmansk ta Rasha. Pam ta koma matar aure mai ciki da wasu 'yan bindiga suka harbe tun a farko-farko, ba mu ma gama saninta ba. Babu dillalan ƙwaya, babu Baltimore ɗin talakawa, babu Emmet Ryan. A ƙarshe sai aka ce ai sakataren tsaron Amurka ne ya kitsa komai don ya haɗa ƙasarsa faɗa da Rasha. Haba! Wannan ai mun sha gani.

Kada ka ce ina ƙin Jordan, ya yi iya bakin ƙoƙarinsa, wurin da jirgi ya faɗa cikin teku ma ya burge. Na kuma yarda fim ɗin da bai kai awa biyu ba, ba zai ɗauke shafi 600 ba. Dole a rage. Sai dai rage kaya daban, jefar da mai kayan daban. "The Hunt for Red October" na 1990 ma daga littafin Clancy aka yi shi, an datse abubuwa da yawa, amma ruhin labarin yana nan. A nan kuwa, tambayar da ta riƙe littafin, wato ko mutum yana da ikon ɗaukar doka a hannunsa, ita aka cire. Aka bar mu da harbe-harbe.

Wannan ya shafe ka ta fuska biyu. In kai mai kallo ne, kada ka ga fim ka ɗauka ka karanta littafi. Nemo shi ka karanta, sannan ka yi hukunci. In kuma kana cikin matasanmu masu rubuta littattafai a waya, wata rana mai shirya fim zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kafin ka sa hannu, ka san abin da ba za ka yarda a taɓa ba a labarinka, ka sa a rubuta shi cikin yarjejeniya. In ba haka ba, wallahi sunanka za ka gani a allo, labarin kuma na wani ne.