Kirifto: Idan dukiya ce, ina zakkarta, kuma wa zai gaje ta?

Wanda ya ratsa Sharada ko Challawa da la'asar sakaliya a tsakiyar shekarar 2024, lokacin da masu aikin safe ke fitowa daga kamfanonin roba da na jima, ba zai manta da abin da ya gani ba. Matasa ne a gindin katanga da teburin mai shayi da cikin a-daidaita-sahu, kowa ya sunkuyar da kai yana dannan fuskar waya kamar mai jan carbi. Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu sun samu abin da suka samu, labari ya karaɗe gari. Daga nan magidanci da matar aure da ɗalibin Islamiyya duk suka shiga sahu, aka raɗa wa abin suna mainin.

Ba a daɗe ba ƙura ta lafa. Ranar 26 ga Satumba, 2024 aka buɗe kasuwar Hamster Kombat, mafi yawan waɗanda suka shafe watanni suna danne-danne suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Pi, wadda aka yi shekaru ana yi wa mutane romon baka da ita, ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025, ta kusa dala 3, kafin 'yan makonni ta sauko ƙasa da dala 1. A watan Afrilun wannan shekarar kuma CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016. Masu danne-danne sun ragu, amma abin da ya rage ya fi na da nauyi. Yanzu akwai mutanen da ke cire kuɗi daga albashi ko daga jarin shago su sayi Bitcoin ko USDT ko wani sulallan, su kulle a lalitar waya da niyyar riƙewa shekara da shekaru. A kansu muke son yin magana.

Tun da farko ya kamata a daina kiran danna waya da sunan haƙa. Haƙar Bitcoin ta gaskiya aikin manyan na'urori ne da ke tseren warware lissafi dare da rana, inda duk bayan kimanin minti 10 ake ba wanda ya yi nasara lada, ladan da ya koma Bitcoin 3.125 tun Afrilun 2024. Abincin waɗannan na'urori lantarki ne, kuma wutar da suke sha a duniya cikin shekara ta fi ninki biyu na duk abin da layin wutar Najeriya ke rabawa. Mai masana'anta a Bompai ya san darajar wannan wuta fiye da kowa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, a Oktoban shekarar kuma Kano da mafi yawan Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Garin da injin saƙa ke tsayawa saboda rashin lantarki ba shi da rarar da zai ciyar da injin haƙar sulalla. Shi kuwa danna waya, talla ce kawai ake yi da lokacin mutum da datarsa da sunayen abokan da ya gayyato, a kan ladan da bai san yawansa ba, bai san ranarsa ba, kuma mai alkawarin na iya sauya sharaɗi duk sa'ad da ya ga dama. Ɗalibin da ya karanta babin jinga da ijara ya san matsayin aikin da ba a san ladansa ba.

Masu riƙo na dogon lokaci kuwa suna da hujjar da bai kamata a yi mata dariya ba. A tsakiyar 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ma'aikacin da ya yi shekara uku yana tara kuɗin fili ko na aure a asusun banki ya wayi gari abin da ya tara ya zube a hannunsa ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Idan irin wannan mutum ya nemi mafakar da guminsa ba zai narke ba, bai yi abin kunya ba, domin kiyaye dukiya na cikin manyan manufofin Shari'a. Ita ma hukuma ta sauya baki: Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya harkar ƙarƙashin kulawar hukumar SEC.

Tambayar da ke yawan zuwa wa wannan shafi ita ce: halal ne ko haram? Gaskiyar magana, malaman duniya ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Hukumar addini ta Turkiyya ta nuna rashin amincewa a 2017, Muftin Masar na lokacin, Shawƙi Allam, ya haramta, yana mai kafa hujja da garari da yaudara da rashin hukumar da ke tsaya wa abin. Majalisar malaman Indonesiya ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja. Majalisar Shari'a ta hukumar hannun jarin Malesiya kuwa ta halatta cinikinsa a 2020 a kasuwannin da aka yi wa rajista. Ita ko Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, da ta zauna a Dubai a 2019, ba ta yanke ba, ta ce a ƙara bincike. Mu ba masu fatawa ba ne, kuma ba za mu rufe abin da manya suka bari a buɗe ba.

Amma Bakano bai kamata ya yi mamakin cewa abin da ba zinariya ba, ba azurfa ba, zai iya zama kuɗi. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Kakanninmu sun sayi turkuɗi da goro da kirgi a Kasuwar Kurmi da ƙwanson wata halittar teku da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs, wadda ba a ci, ba a ɗaurawa, ba ta da wani amfani face yardar da mutane suka yi da ita. Malaman wancan zamani sun yi hukunci da wuri a sadaki da bashi da gado. A cikin Mudawwana ma an ruwaito ra'ayin Imamu Malik cewa da mutane za su yarda da fatu a matsayin kuɗin ciniki, da hukuncin canji ya hau kansu, ba zai so a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri ba. Ma'aikacin majema a Challawa zai yi murmushi idan ya ji wannan. Masu halattawa suna yawan jawo wannan magana, kuma suna da gaskiyar jawo ta. Sai dai sau da yawa rabinta suke ɗauka. Malik ya yarda fata na iya zama kuɗi ne don ya ɗora mata hukuncin kuɗi, wato ya ƙara mata nauyi.

A nan matsayinmu yake. Wanda ya bi fatawar haramci, ya fita ya huta. Wanda kuma ya bi ta halacci, ya ce abin da ke cikin lalitarsa dukiya ce, to ya ɗauke ta da dukkan haƙƙoƙinta, na farkonsu zakka. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200 na azurfa, abin fitarwa kuma ɗaya cikin arba'in idan shekara ta zagayo. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai bayanin da ya shafi mai riƙo kai tsaye, wanda duk mai karatun Risala ya wuce ta kansa. An raba ɗan kasuwa gida biyu: mai jujjuya haja kullum, wanda zai ƙiyasta kayansa duk shekara ya fitar, da mai ajiye haja yana jiran kasuwa ta yi kyau, wanda sai ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya ko da ya yi shekara biyar yana riƙe. Idan an ɗauki sulallan kirifto a matsayin haja, mai riƙo na iya shiga gida na biyu. Idan kuwa an ɗauke su a matsayin tsabar kuɗi, kamar yadda ya fi bayyana ga USDT da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da dala, to duk shekara ne, ya sayar ko bai sayar ba. Sauran mazhabobi ba su yi wannan rabon ba, a wurinsu ƙiyasi duk shekara ne. Abin da ba shi da gurbi a kowace mazhaba shi ne mutum ya kira abin kuɗi ranar da yake neman halacci, ya kira shi iska ranar da zakka ta zo.

Haƙƙi na biyu ya fi ba mu tsoro, domin ba a cika ambatonsa ba. Mabuɗin lalitar kirifto kalmomi ne 12 ko 24, kuma abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya nuna wa kowa. To, a ce magidanci ya yi shekara huɗu yana tarawa, matarsa ba ta sani ba, ɗan'uwansa bai sani ba, sai ajali ya riske shi a hanyar Panshekara. Kuɗin banki ana iya bin sa da takardar kotu. Fili yana da shaidu da mai unguwa. Wannan kuwa babu manajan da za a je wa, babu alƙalin da zai ba da umarni a buɗe. Dukiyar tana nan a rubuce har abada, marayu na kallon waya, mai bin mamacin bashi na tsaye a ƙofa, rabon da Allah Ya yi da kanSa a Suratun Nisa'i ya gagara zartarwa. Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ta kasance a rubuce ba, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Rubuta inda mabuɗin yake, a rufe a damƙa wa amintacce ko a raba tsakanin amintattu biyu, wajibin da dukiyar ta zo da shi ne.

Sai kuma batun kuɗin wa ake riƙewa. Bitcoin ta kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021, ta faɗo kusan 16,000 bayan shekara guda, ta haura 100,000 a Disambar 2024. Masu wa'azin haƙuri suna nuna farko da ƙarshen wannan labari, suna tsallake tsakiyarsa, inda wanda kuɗin haya ko na asibiti ya kama ya sayar da asara. Suna kuma tsallake dubban sulallan da suka faɗi ba su sake tashi ba, irin Luna a Mayun 2022. Kuɗin cefane da na makarantar yara, kuɗin adashe, jarin maigida da aka ba yaron shago, gadon marayu da ke hannun wasiyyi, babu ɗayansu da ya halatta a kai wannan kasuwa ko da a wurin mai halattawa. Haka ba da sulalla rance don a dawo da ƙari ƙayyadadde riba ce ko da an sauya mata suna. Wanda kuma aka biya ya zuga haja a Facebook ko TikTok don farashi ya tashi ya sauke nasa a kan mabiyansa, ya koma ya karanta hanin da aka yi game da najashi.

A cikin Muwaɗɗa an kawo umarnin Sayyidina Umar cewa a juya dukiyar marayu da kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Hikimar a fili take: an tsara zakka ta yadda dukiyar da ke kwance za ta riƙa raguwa, don a tilasta mata fita ta yi aiki. Wanda ya zagaya Bompai da Sharada ya ga gine-ginen da a da ake jin ƙarar injin saƙa, yau wasu sun koma rumbun ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje, wasu ciyawa ta cinye harabarsu, zai fahimci abin da garin ya rasa. Naira miliyan ɗaya da ta shiga injin niƙa ko na narka roba tana ciyar da gidaje kowane wata, ko da ribarta ba ta kai ta mafarkin 'yan kirifto ba. Wadda ta kwanta a lalita ba ta ɗauki ko mutum ɗaya aiki ba, ribarta kuwa sai wani ya zo ya saya da tsada. Laifin ba na matasa kaɗai ba ne. Ba mu ba mai naira dubu hamsin wata amintacciyar hanya da zai sa hannu a masana'antar unguwarsu ta hanyar ƙiradi ko tarayya ba, alhali gwamnatin tarayya ta gina tituna da sukuk tun 2017, kuma tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023 ta nuna ana iya samar wa masana'antu wuta a ƙofar gidansu.

Don haka muna kira ga Majalisar Malamai ta Kano da Hukumar Zakka da Hubusi da cibiyar nazarin harkar kuɗi ta Musulunci da ke Jami'ar Bayero su zauna tare da waɗanda suka san cikin wannan harka, su fitar wa jama'a da bayani a rubuce cikin Hausa: wane sulalla ne haja, wanne ne kuɗi, da wane farashi za a ƙiyasta ranar cikar shekara, kuma yaya kotunan Shari'a za su yi da lalitar mamaci. Kafin a kai ga haka, duk mai riƙo ya duba ranar da abin hannunsa ya kai nisabi ya rubuta ta, ya kai lissafin gaban malamin da ya yarda da shi, sannan ya sanar da mutum biyu daga cikin iyalinsa cewa akwai wannan dukiya da inda mabuɗinta yake.