Tsufa ba zaman tabarma ba ne

Yara, in kun ga tsoho ya ɗauki sandarsa zai tafi kasuwar wani gari a ƙasa, me kuke cewa? Waɗansu sukan ce: «Haba Baba, ka zauna ka huta mana!» Waɗansu kuwa dariya suke yi in sun ga mai furfura yana sassarfa. A ganina duka biyun kuskure ne. Tsohon da yake da lafiya, tafiya ita ce maganinsa.

Mu fara da ƙasarmu ta Damargu. Tun zamanin kakanni, ayarin Abzinawa yana kawo mana gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, ya koma da geronmu. Tsakanin Abzin da Bilma akwai fiye da kilomita 500, galibi rairayi ne tsantsa. Wa ke gaban ayari? Madugu. Ba a kuwa ba yaro wannan aiki, sai wanda ya daɗe yana bin hanya, ya san taurari, ya san rijiyoyi. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Damargu tare da ayarin gishiri. Shugaban ayarin nan, Annur, tsoho ne. Tsufa bai hana shi wannan doguwar tafiya ba.

A waɗansu ƙasashe kuma, tsofaffi har gasar gudu suke shiga. Akwai gudun dogon zango da ake kira maraton, tsawonsa kilomita 42 da ƴan kai. A 2004, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Ed Whitlock ya gama shi cikin ƙasa da awa 3, yana da shekara 73. A 2016 ya sake yin sa cikin ƙasa da awa 4, yana da shekara 85. A wannan birni dai, a 2011, Fauja Singh, haifaffen Indiya, ya kai ƙarshen gudun cikin awa 8 da ƴan mintoci. Fasfo ɗinsa ya nuna shekarunsa 100 a lokacin. Shi kuwa bai fara shiga maraton ba sai da ya kai shekara 89.

Mene ne sirrinsu? Yaro ya fi tsoho sauri, wannan gaskiya ne. Amma doguwar tafiya ba ta son gaggawa. Tana son haƙuri, da sanin lokacin shan ruwa, da lokacin rage sauri. Hausawa sun ce sannu sannu kwana nesa. Jiki kuma kamar igiyar guga yake: wadda aka jefar a rana ita ke saurin tsinkewa. Tafiya tana ƙarfafa zuciya da ƙafafu, tana taimakawa wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba, ko tsoho ne, ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Ku raba da 5: minti 30 ke nan a rana, kwana 5.

Wani zai ce: «Malam, tsofaffinmu ai wahala ta ishe su. Noma, kiwo, daka, jan ruwa daga rijiya mai zurfi!» Ya yi gaskiya. Amma wahala daban, motsa jiki daban. Tulun ruwa da dammin itace, ku ya kamata ku karɓe wa Kaka. Abin da bai kamata ku karɓe mata ba shi ne ƙafafunta. In za ta gaida ƴar'uwarta a wata unguwa, kada ku ce sai an ɗauke ta bisa babur. Ku raka ta a ƙasa, da safe ko da la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Wanda kuma yake jin ciwon ƙirji ko jiri, ya fara ganin likita.

Ga shawarata. Ranar bikin ƙarshen shekara, makarantun Tanut da na Belbeji su shirya tafiyar gasa ta dattawa, maza da mata, ko da kilomita 3 ce, da sanyin safiya. Ƴan makaranta su auna hanya, su riƙe butocin ruwa, su rubuta sunayen waɗanda suka iso. A yi wa na ƙarshe tafi kamar yadda aka yi wa na farko.

Ku ma wata rana za ku yi furfura. Ƙafar da ta saba tafiya tun yau, ita za ta ɗauke ku a ranar nan.